Zan fara golf: in sayi cikakkiyar jaka ko in dakata?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sabo ne a zauren nan, wani abokin aikina ne ya saka ni. Likita ya ce sai na riƙa taka ƙasa saboda hawan jini, ni kuma gudu ba nawa ba ne, gwiwa ba ta bari. Maigidana a wurin aiki yana zuwa golf duk Asabar a nan Kaduna, ya ce in riƙa biyo shi. To na ga wani yana sayar da jaka cike da sanduna 14 sababbi dal, har da takalmi. Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma ina ganin in za a yi abu a yi shi da kyau. Kafin in tura na ce bari in ji ta bakinku. Ban taɓa riƙe sandar golf ba.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Alhaji, in kuɗi ne suka yi maka nauyi a aljihu akwai mabuƙata a zauren nan, kuma ni ne na farko a layi.

Tsohon Kedi:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yallaɓai, kar ka tura, riƙe kuɗinka tukuna. Ni da ɗaukar jaka na fara tun ina yaro, kuma jakunkunan da na ga an saya da zumuɗi aka jingine su a bayan ƙyaure kafin damina ta zagayo ba su ƙirguwa. Sanduna 14 ɗin nan iyakar abin da doka ta yarda mutum ya ɗauka ne, ba wai dole sai ka cika su ba. Kai da ba ka taɓa bugawa ba, in aka ba ka ƙarfe 5 da 6 da 7, wato sanduna masu kan ƙarfe da ake bambanta su da lamba, duk wuri ɗaya za su kai maka ƙwallon, in ma ta tashi. Bambancinsu sai hannu ya zauna yake fitowa.

Ranar farko sanda biyu nake ba ɗalibi, ƙarfe 7 da fota, wato sandar gangara ƙwallo cikin rami. In ya fara ɗaga ƙwallo sama ba tare da ya haƙa rami a gabansa ba, in ƙara masa wej ta bugun kusa. Can gaba a ƙara wej ta yashi da wata mai ƙaton kai guda ɗaya ta bugun nesa. Biyar ko shida sun ishe ka shekarar farko, kuma kwance za ka nema. Ka tambayi kedin da ke filin, wato masu ɗaukar wa 'yan wasa jaka, sun san wane Alhaji ne ya sauya kaya yake neman rabuwa da tsofaffin. Kafin nan ma ka ari na maigidan naka.

Kuɗin da ka ware, ka kai wa mai koyarwa. Abu uku zai fara gyara maka: riƙo, tsayuwa, da inda kake fuskanta. In waɗannan suka karkace tun farko, gyaransu daga baya ya fi koyon sabo wuya.

Baban Hanifa:
Na gode Baba. Amma ba zan iya koya a YouTube ba? Na ga bidiyoyi da yawa.

Tsohon Kedi:
YouTube ba ya ganin hannunka. Kai kana jin ka yi daidai yadda Baturen ya yi, na gefe kuma yana ganin wani abu dabam. Sannan wannan zai ce maka kaza, wancan ya ce akasin haka, ka tsaya a kan ƙwallo da umarni goma a kanka. Ka samu mutum ɗaya ka bi shi. In kana son waya ta amfane ka, ka ba wani ya ɗauke ka bidiyo kana bugawa ka nuna wa malaminka.

Injiniya na Rayfield:
Na yarda da Baba a kan kar a sayi jaka. Inda muka rabu shi ne wannan ɗabi'ar ta tsare sabon shiga a bakin rami yana ta gangara ƙwallo wata da watanni, ana ce masa bugun kusa shi ne komai. Maganar da ake kafa hujja da ita ita ce, a fili mai ramuka 18 da ƙa'idarsa bugu 72, wato adadin da ake sa ran gwani zai gama da shi, an ware 36 ne don fota, biyu a kowane rami, wato rabi. Gaskiya ne. Amma wani farfesa a Jami'ar Columbia ta Amurka, Mark Broadie, ya bi diddigin bugu masu ɗimbin yawa, ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na ratar da ke tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba daga bugun nesa take fitowa. Ku duba da idonku ma. Sabon shiga ba a kan girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, yake zubar da maki ba, a hanya yake zubarwa: ta farko ta shiga daji, ta biyu ya daki ƙasa ƙwallo ta yi taku goma, ta uku ta faɗa ruwa. Kafin ya iso inda zai yi amfani da fotar ya riga ya buga bakwai.

Tsohon Kedi:
Injiniya, farfesan naka bai ce a miƙa wa wanda ya zo jiya diraba, babbar sandar bugun nesa, ba. Ita ce mafi tsawo a jaka, fuskarta kuma kusan a miƙe take, kwanciyarta ba ta wuce digiri 9 zuwa 12 ba, alhali ƙarfe 7 yana da talatin da wani abu. Duk ƙaramin kuskure sai ta ninka shi. Ni dalilina na farawa daga kusa ba lissafin maki ba ne. Ƙaramin lilo shi ne babban lilo, an dai rage shi ne. Wanda ya iya haɗa fuskar sanda da ƙwallo tsaf daga taku talatin, gobe zai iya daga ɗari da hamsin. Wanda ya fara da diraba kuwa ƙarfi zai koya, ya riƙa saukar da sanda kamar mai faskare, kafaɗa ta riga hannu, ƙwallo ta yi ta lanƙwasa dama har ya gaji ya bar wasan.

Injiniya na Rayfield:
To a nan mun kusa haɗuwa. Ni dai abin da nake gudu a ce wa mutum kar ya taɓa doguwar sanda sai bayan shekara. Ya raba lokacinsa a filin atisaye, in ya sayi kwando ɗaya na ƙwallaye, mafi yawa da ƙarfe 7 da wej, 'yan na ƙarshe ya gwada doguwar. Kuma kowace ƙwallo ya zaɓi abin da yake nufi, tuta ko bishiya. Masu zuwa su watsa kwando uku cikin minti ashirin ba tare da sun kalli inda take sauka ba, motsa jiki kawai suka yi.

Tsohon Kedi:
Wannan na sa hannu.

Ɗan Fagge:
Ku dai faɗa wa bawan Allah gaskiya. Wasan nan na manya ne. Kuɗin shiga kulob, kuɗin shekara, kuɗin kedi, ga ƙwallo guda da za ta ciyar da gida ka doka ta cikin ciyawa ta tafi ke nan. Mu da muke wucewa ta gefen fili muna hango su, ba mu taɓa ganin an je da Keke Napep ba. Kuma kowa ya san rabin masu zuwa kwangila suke bi, ba ƙwallo ba.

Hajiya Maman Sadik:
Ɗan Fagge, ba ka yi ƙarya duka ba, amma ka cika gishiri. Akwai tsada, musamman manyan wurare irin IBB a Abuja ko Ikoyi a Legas. Sai dai ba ko'ina ne haka ba, kuma ba sai ka zama mamba za ka fara ba. Yawancin kulob suna barin baƙo ya biya kuɗin rana ya buga, ko mamba ya shigo da shi. Baban Hanifa ya je ofishin kulob ya tambaya da bakinsa, kar ya dogara da jita-jita. Ƙwallo kuma wa ya ce ya sayi sabuwa? Yaran fili suna tsinto waɗanda suka ɓata su wanke su sayar da araha. Sabon shiga da ƙwallo mai tsada irin Pro V1 a hannu, sadaka kawai yake kai wa daji.

Tsohon Kedi:
Ɗana Ɗan Fagge, je ka tambayi ƙwararrun 'yan golf na ƙasar nan da suke cin abinci da shi, ka ji nawa ne ubansu ya saya musu jaka. Akasarinsu ɗaukar jakar wasu suka fara yi, suna satar bugu da tsohuwar sanda guda in masu gida sun shiga cin abinci. Masu kuɗi su ne mambobi, amma gwanayen filin sau da yawa 'ya'yan talakawan unguwar da ke kewaye ne.

Injiniya na Rayfield:
Kuma ba baƙon abu ba ne a Arewa yadda ake zato. Filinmu na Rayfield a Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, ya girmi Ikoyi Club ta 1938 nesa ba kusa ba, balle IBB ta Abuja. Gasar Nigerian Open ma a da manyan 'yan wasa na zuwa. Vijay Singh na ƙasar Fiji ya ci ta a 1988 da 1989, shi ne kuma ya zo ya ci babbar gasar Masters ta Amurka a 2000 ya zama na ɗaya a duniya a 2004.

Ɗan Fagge:
To shi ke nan, ni ma a nemo min jakar da zan ɗauka, ko Allah zai sa in zama Vijay na Fagge.

Kanar Mai Ritaya:
Kun yi ta maganar sanda, ba wanda ya gaya masa abin da zai sa a sake gayyatarsa ko a daina ɗaga wayarsa. Malam Baban Hanifa, ka saurare ni. Babu wanda zai ji haushinka don ba ka iya ba, kowa a haka ya fara. Abin da ba a yafewa shi ne ɓata wa mutane lokaci. Ramuka 18 wajen awa huɗu ne ga mutum huɗu. In ka sa suka zama biyar da rabi, rukunin da ke bayanku yana tsaye a rana yana kallonka, ka zama abin magana a kulob.

Saboda haka kafin layi ya zo kanka ka riga ka zaɓi sanda. Gwaji ɗaya ya isa, ka buga. Littafin doka ma shawarar da ya bayar kar bugu ya wuce daƙiƙa 40. In ƙwallonka ta ɓata, minti 3 kake da shi na nema, da 5 ne, aka rage a gyaran dokoki na 2019. In ka ga ta nufi daji tun daga wurin farawa, ka sanar cewa za ka buga ta wucin gadi, ka buga wata nan take, kar sai ka je can ka dawo. In ka buga ninki biyu na ƙa'idar rami ba ka shiga ba, ɗauki ƙwallonka ka sa a aljihu ka bi 'yan uwanka, ba gasa kuke ba. In na bayanku sun fi ku sauri, ku matsa gefe ku ɗaga musu hannu su wuce.

Sauran kuma ladabi ne. Mutum na shirin bugu, ka yi shiru, ka tsaya cik, kar ka tsaya a bayansa ko inda inuwarka za ta faɗa kan ƙwallonsa. Waya a kashe mata ƙara. Kar ka taka tsakanin ƙwallon wani da rami. Ka shiga ramin yashi, ka share sawunka da manjagara kafin ka fita. Ka fasa ciyawa, ka mayar da ita ka danne da ƙafa. Na ƙarshe, wanda ya fi duka: in ƙwallonka ta nufi inda mutane suke, ka buɗe murya ka ce "Foo!" iya ƙarfinka. Kar kunya ta hana ka. Nauyinta bai kai giram 46 ba, amma tana fasa kai.

Baban Hanifa:
Ranka ya daɗe, wannan kam sai na kwafe shi a takarda. Tambaya: in na kai duka na kuskure ƙwallon gaba ɗaya, ban taɓa ta ba, ana ƙirgawa?

Kanar Mai Ritaya:
In da niyyar bugu ka kai, an ƙirga, ko iska ka daka. In kuwa kana daidaita tsayuwa ne ka taɓa ta ta faɗo daga kan ɗan tsinken da ake ɗora ta a wurin farawa, babu komai, mayar da ita. Kuma kai za ka ƙirga wa kanka, babu alƙalin wasa da ke bin ka. Wanda ya buga takwas ya ce shida, kedi ya gani, abokan wasa sun gani, ba za su ce komai ba, amma sun gama saninsa.

Malam Na-Zariya:
Tunda an zo maganar gaskiya, bari in faɗi abin da ake kaucewa. Akwai al'adar sa kuɗi a wasan nan. Za a ce maka ɗan abin shan ruwa ne, kowane rami kaza, wanda ya sha kaye ya biya. Ɗan'uwa, in kowa ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, caca ce, ko a kan ciyawa aka yi ta ko a bayan tasha. Ka faɗa musu tun kafin a fara cewa kai ba ka ciki. Sabon shiga ma shi ake fi ja, don an san shi zai biya.

Ɗan Fagge:
Malam, in wanda ya sha kaye ya sayi lemo fa?

Malam Na-Zariya:
In sharaɗi aka gindaya tun farko, ni dai ina guje masa. In kuwa an gama wani ya ga dama ya ce yau ni zan shayar da kowa, kyauta ce, Allah ya ba shi lada. Wanda yake son tafsili ya tambayi malaminsa, kar mu mayar da zauren golf wurin fatawa.

Kanar Mai Ritaya:
Ni shekaru ina bugawa ba na sa ko sisi, ba wanda ya taɓa kora ta. Ka faɗa sau ɗaya cikin fara'a, an wuce wurin.

Hajiya Maman Sadik:
Bari in koma kan abin da ya kawo shi, wato lafiya. Zagaye cikakke tafiya ce ta kilomita takwas zuwa goma in aka haɗa da kewaye-kewayen neman ƙwallo, kuma sabon shiga ya fi kowa kewaye. Mai hawan jini kar ya fara da 18. Ya yi 9, da sassafe bayan asuba ko bayan la'asar, da ruwa a jaka da hula mai baki. A watannin Maris da Afrilu kar ka yarda a ja ka fili da tsakar rana ko maigidan naka ne. Kuma ka taka da ƙafa, in ka hau 'yar motar fili to likita bai ga amfanin zuwanka ba. Ka ɗan miƙe jiki kafin ka fara, don bayan mutum ne yake fara kuka, sai gwiwar hannu.

Sutura: riga mai kwala da wando na yadi, yawancin kulob ba sa son jins ko silifas. Takalmin motsa jiki mai kama ƙasa ya isa a farko. Safar hannu guda ɗaya ake sawa, a hagu in kai na-dama ne, in ba haka ba tafinka zai yi bororo tun ranar farko.

Sannan in ka ga ya karɓe ka, ka kawo Maman Hanifa. Ina bugawa da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwalina, ba abin da ya hana ni. Mata muna da wurin farawa namu da ya fi kusa, kuma akwai 'yar Nijeriya, Georgia Oboh, da ta kai ga buga gasar ƙwararrun mata ta Turai.

Baban Hanifa:
Hajiya, wannan sai an yi zama na musamman a gida. Wani abu kuma, ina jin ana cewa wane handikaf ɗinsa 12, wane 24. Mene ne shi, kuma yaushe zan samu nawa?

Injiniya na Rayfield:
Shi ne abin da ya sa kai da Kanar za ku iya karawa ba a zalunci kowa ba. A taƙaice, adadin bugun da ake yafe maka ne a kan ƙa'idar fili. In ana yafe maka 28 ka buga 100, sakamakonka 72. Wanda ake yafe wa 10 ya buga 84, nasa 74, ka ci shi ke nan duk da ya fi ka iyawa. A tsarin bai ɗaya na duniya da hukumomin golf na R&A da USGA suka fito da shi a 2020, mafi yawa shi ne 54. Kana miƙa katin makinka na ramuka 54, ko zagaye uku cikakku ko rabi-rabi shida, wani ya sa maka hannu a matsayin shaida, sai a fitar maka da na farko. In katunanka suka kai 20, ana ɗaukar mafi kyau 8 daga na baya-bayan nan a yi lissafi da su, tare da la'akari da wuyar filin. Amma kar ka yi gaggawarsa. Ka fara iya gama ramuka 9 da ƙwallo biyu ko uku tukuna.

Kanar Mai Ritaya:
Kuma ka miƙa kowane kati, mai kyau da marar kyau. Akwai masu ɓoye na kirki don handikaf ya zauna sama su kwashe kofi ranar gasa. Mun san su.

Tsohon Kedi:
Abu ɗaya da bidiyon Turawa ba zai koya maka ba, Yallaɓai, shi ne ƙasarmu. Su ciyawarsu shar take duk shekara. Mu da rani ƙasa ƙeƙashe take, sanda na dukanta ta yi tsalle ta daki ƙwallo a ciki. Da hunturu ƙwallo tana gudu a ƙasa fiye da yadda ka zata, don haka ba a kan tuta ake sauke ta ba, kafin tuta ake saukewa a bar ta ta gangara. Sau da yawa daga gefen girin ƙarfe 7 ko ma fota ya fi wej, ka tura ta ƙasa-ƙasa kawai. Sannan akwai filayen da har yanzu burawun ne maimakon girin, wato yashi da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe. A can kafin ka buga sai an ja maka abin shara daga ƙwallo zuwa rami an lallashe hanya, kuma bugun yana son ƙarfi fiye da na ciyawa, ba ya lanƙwasa sosai. Wanda ya saba da ɗaya in ya je ɗayan sai ya ɗan sha wuya.

Ka riƙe kedinka da mutunci. Ya san kowane gangare a filin nan, ya san inda ƙwallonka ta faɗa tun kai kana neman ta a sama. Ka tambayi sunansa, ka saya masa ruwa, ka sallame shi da kyau. In ya ce ɗauki ƙarfe 8, ɗauka.

Injiniya na Rayfield:
In kuma ka zo mana Jos ka rage sanda. Muna sama da mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana ƙara nisa. Baƙi daga Legas kullum sai sun wuce tuta a ramukan farko.

Hajiya Maman Sadik:
Ga damina kuma tana tafe. Da ka ji tsawa ko ka ga walƙiya, ajiye sanda ka nufi gini ko mota. Ba a fakewa a gindin bishiya, ba a cewa bari in ƙarasa ramin nan. Doka ma ta ba ɗan wasa damar tsayawa da kansa in yana tsoron tsawa, ko a tsakiyar gasa ne.

Ɗan Fagge:
Ni tambayata ta ƙarshe ga Baba: wanda ke bugu da hagu fa? Akwai wani maƙwabcina bahago da yake sha'awa.

Tsohon Kedi:
Akwai sandunan bahago, sai dai samun kwancensu a nan yana da wuya, kuma ba zai iya aron na kowa ba. Ya zo a gwada shi ta ɓangaren biyu kafin ya nemi ko guda, don bahagwai da yawa da dama suke bugawa kuma yana yi musu daidai. Ka turo shi ranar Talata ko Laraba da safe, lokacin filin atisaye ba cunkoso.